Mai Gadin da Ya Fi Ƙarfin Maigida

Duk wanda ya mallaki kwamfuta a wannan zamani, sabuwa ce ko ta hannu, an ɗaukar masa mai gadi tun kafin ya rubuta harafi ɗaya a cikinta. Wannan mai gadi shi ne manhajar riga-kafi, wadda masu shaguna da masu gyara suka fi kira antibairos. Ba a tambayi mai kwamfuta ko yana so ba, kuma ba a bayyana masa irin ikon da aka miƙa wa baƙon ba. Abin da ya sani kawai shi ne kwamfutarsa tana nauyi kamar an ɗora mata dutse, allo yana cika da jan gargaɗi, wani lokaci kuma fayil ɗin da ya kwana yana aiki a kansa ya ɓace ba sallama. Idan ya yi ƙorafi, sai a rufe masa baki da karin maganar da ba mai iya musunta ta: riga-kafi ya fi magani.

Hujjata a wannan rubutu ita ce an yi amfani da wannan karin magana wajen hana mutane tambayar da ta dace. Riga-kafi ya fi magani, gaskiya ne, amma wane irin riga-kafi, daga hannun wa, kuma a kan wane farashi? Masana'antar antibairos ta daɗe tana cin abinci da tsoron jama'a, masu gyaran kwamfuta a kasuwanninmu sun taya ta, mu kuma masu amfani mun yi sakacin koyon yadda ake ba mai gadi umarni. Har sai mun koya, shi zai ci gaba da ba mu umarni.

Mene ne aikin mai gadin?

A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta ƙwayar cutar da aka sani da suna Brain, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM. Ta hanyar faifan fulofi take tafiya daga hannu zuwa hannu. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin riga-kafi suka fara tsirowa, kuma dabararsu ta farko mai sauƙi ce. Kowace ƙwayar cuta tana da wata alama a jikinta, kamar yadda makiyayi yake gane saniyarsa da tambarin da ke cinyarta. Manhajar tana riƙe da jerin alamomin, tana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa. Idan alama ta dace, an kama ɓarawo.

Wannan dabara tana da rauni a bayyane: ba ta gane ɓarawon da sunansa bai shiga jeri ba. Cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce tana samun sabbin manhajoji masu cutarwa ko waɗanda ba a so fiye da 450,000 a kowace rana. Babu jerin da zai iya cim ma wannan gudu. Saboda haka kamfanoni suka ƙara wa manhajojinsu dabarar zato, wato lura da take-taken fayil, a kama shi idan ya yi kama da mai laifi ko da ba a taɓa ganinsa ba. Daga nan ne kamun kuskure yake fitowa. Domin ta yi wannan aiki kuwa, dole a ba manhajar izinin shiga can cikin zuciyar tsarin kwamfuta, inda take iya buɗe kowane fayil, ta tsayar da kowane aiki, ta ga kowane shafin intanet da aka ziyarta. Manhajoji kaɗan ne a kwamfutar talaka suke da irin wannan iko. Wanda aka ba makullin kowane ɗaki a gida, wajibi ne a tuhume shi fiye da kowa.

Tuhuma ta farko: cinikin tsoro

Sabuwar kwamfuta takan zo da manhajar riga-kafi ta gwaji, ta kwana talatin ko makamancin haka. Da wa'adin ya ƙare, sai saƙonni su fara tsalle a allo da jan launi, suna sanar da kai cewa kana cikin haɗari. Wata manhajar kyauta ce, amma bayan kowane bincike sai ta ce ta gano matsaloli ɗaruruwa waɗanda ba za ta gyara ba sai ka biya. Idan ka duba matsalolin nan da kyau, za ka tarar galibinsu tarkacen burauza ne da tsofaffin fayilolin wucin gadi waɗanda ba sa cutar da kowa. Likitan da ya auna mai lafiya ya ce masa yana da cututtuka ɗari uku, maganinsu kuma yana shagonsa, a wurinmu sunansa ɗan damfara. Ban ga dalilin da zai sa a sauya suna don mai yin hakan kamfani ne da ke Turai ko Amurka ba.

Abin da saƙonnin ba sa faɗa shi ne tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kowace kwamfuta mai Windows tana zuwa da cikakkiyar manhajar riga-kafi a cikinta, wato Defender ta kamfanin Microsoft, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A gwaje-gwajen da cibiyoyi masu zaman kansu irin su AV-TEST da AV-Comparatives ta Ostiriya suke yi, Defender ta daɗe tana gogayya kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saye da tsada. Kuma tun a watan Mayun 2014 wani babban jami'in kamfanin Symantec, mai manhajar Norton a lokacin, Brian Dye, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa antibairos ta mutu, yana mai ƙiyasin cewa kashi 45 cikin ɗari kawai na hare-hare take kamawa. Mai kaya ne ya faɗi aibin kayansa da bakinsa, amma tallan bai sauya ba.

Tuhuma ta biyu: mai gadin da ya kama maigida

Ranar 21 ga Afrilun 2010 kamfanin McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958. Wannan sabuntawa ta ɗauki fayil ɗin svchost.exe, wanda Windows XP ba ya iya aiki sai da shi, a matsayin ƙwayar cuta, ta killace shi. Kwamfutoci a ma'aikatu da makarantu suka shiga mutuwa da tashi ba ƙaƙƙautawa, har wasu asibitocin jihar Rhode Island ta Amurka suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. Babu ɓarawon da ya haura katanga a wannan rana. Mai gadi ne ya kama maigida ya ɗaure.

Wanda ya ce wancan tsohon labari ne, ya tuna ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Sabuntawar da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa manhajarsa ta Falcon ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Filayen jiragen sama suka koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu, bankuna da asibitoci suka tsaya, kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Gaskiya ne Falcon manhajar manyan ma'aikatu ce, ba ta ɗalibi ba, amma darasin ɗaya ne: manhajar da ke zaune a zuciyar kwamfuta, tuntuɓenta faɗuwar gida ne gaba ɗaya.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A 2016 Tavis Ormandy, mai bincike a sashen Project Zero na kamfanin Google, ya gano ɓaraka a manhajojin Symantec da Norton wadda ta sa mahari zai iya mamaye kwamfuta ta hanyar aiko da fayil a imel kawai, ko da mai kwamfutar bai buɗe shi ba. Manhajar riga-kafin ce da kanta take buɗe fayil ɗin domin ta bincike shi, a wurin binciken kuma a kama ta. Ƙofar da aka gina don tsaro ita ta zama hanyar shigowa.

Tuhuma ta uku: ba wa kura ajiyar nama

A watan Janairun 2020 binciken haɗin gwiwa na kafofin Motherboard da PCMag ya bankaɗo cewa kamfanin Avast, wanda miliyoyin mutane suke amfani da manhajarsa ta kyauta, yana tattara tarihin shafukan da mutane suke ziyarta yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen a wannan watan. A Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta ɗora masa biyan dala miliyan 16.5, tana mai cewa daga 2014 zuwa 2020 ya sayar da bayanan ga kamfanoni fiye da ɗari, bayanan da za su iya tona addinin mutum da rashin lafiyarsa da ra'ayinsa na siyasa da halin aljihunsa. Duk wannan kuwa yana faruwa ne alhali manhajar tana yi wa masu amfani alƙawarin kare su daga masu bibiya. Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka manhaja kyauta, ka tambayi kanka da me yake biyan ma'aikatansa.

A 2021 kuma Norton ya saka wa manhajarsa wani sashe na haƙar kuɗin intanet na Ethereum, yana yanke kashi 15 cikin ɗari na abin da aka haƙa. An ce sai mai kwamfuta ya kunna da kansa yake aiki, kuma an dakatar da shi a 2022, amma abin kunya ya riga ya faru. Haƙar kuɗi da ƙarfin kwamfutar wani yana cikin laifukan da ake sayen antibairos domin ta hana. A Satumban 2024, bayan gwamnatin Amurka ta haramta sayar da manhajar Kaspersky ta Rasha, masu amfani da ita a can suka wayi gari ta goge kanta, wata baƙuwa mai suna UltraAV ta zauna a gurbinta. Kamfanin ya ce ya aika da sanarwa tun da farko, amma da yawa ba su sani ba sai da suka ga sabuwar fuska a bakin ƙofa. A duk waɗannan misalai, shawarar mai kwamfuta ita ce ta ƙarshe da aka nema.

Namu laifin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanonin ƙetare ba su kaɗai suke da laifi ba. Je ka layin masu gyaran kwamfuta a kowace babbar kasuwa, ka ga abin da ake yi da sunan taimako. Mai gyara zai ɗora maka antibairos ta sata, wadda aka fasa makullinta, domin ka ga ya yi maka ƙari. Da zarar an ɗora wata manhajar riga-kafi, Defender takan janye ta bar mata fili. Ita kuwa ta satar sau da yawa ba ta iya karɓar sabuntawa, sai ta zauna da tsohon jerin alamomi na shekarun baya. Ka fita daga shago da mai gadin da ya san ɓarayin bara kawai, bayan an sallami wanda ya san na bana. Wani mai gyaran ma biyu zai ɗora maka, don a ganinsa biyu sun fi ɗaya. Kowace daga cikinsu sai ta riƙa binciken duk fayil ɗin da ɗayar ta taɓa, wani lokaci ta ɗauki 'yar'uwarta a matsayin maƙiyiya, kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce gigabait huɗu ba ta koma tafiyar hawainiya.

Mafi haɗari shi ne al'adar kashe riga-kafi domin a ɗora manhajar sata. Kusan kowane kayan fasa makullin Windows ko Office yana zuwa da umarnin a kashe antibairos tukuna, mutane kuma suna bi ba tare da tunani ba. Ka yi tunanin baƙon da ya ce ba zai shiga gidanka ba sai ka ɗaure kare ka kuma kashe fitila. Wasu daga cikin waɗannan kaya ba su ɗauke da komai, wasu kuma suna ɗauke da masu satar kalmar sirri, kuma mai kwamfuta ba shi da hanyar bambancewa.

Sai batun filash, wanda kowane ɗalibin da ya taɓa kai kundin bincikensa shagon buga takardu ya sani. Ka sa filash a kwamfutar shago, ka dawo gida ka tarar foldodinka sun koma 'yan alamomin gajeriyar hanya. Ɗalibai da yawa sun goge filash ɗinsu baki ɗaya cikin firgici, suka yi asarar aikin wata da watanni. Alhali irin wannan ƙwayar cuta galibi ba ta goge komai. Ɓoye foldodin take yi, ta ajiye alamomin bogi a gurbinsu, domin idan ka danna ɗaya ta shiga kwamfutarka. Tun daga Windows 7 Microsoft ya hana filash kunna manhaja da kansa, saboda haka yatsanka take jira. Wanda ya san wannan ba zai danna ba. Zai binciki filash ɗin, ya umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin aiki, ya kwashe kayansa. Ilimin da bai wuce na minti biyar ba ne, amma ba a koyar da shi a darasin kwamfuta da ake tilasta wa ɗalibai haddace tarihin na'urar lissafi ta Babbage.

Ga masu cewa a kori mai gadi

Akwai waɗanda gajiya ta kai su ga kashe riga-kafi gaba ɗaya, suna cewa ai su masu hankali ne, ba sa danna abin da ba su sani ba. Da waɗannan ma ina jayayya. Ranar 12 ga Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayiloli tana neman fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. A Ingila an ƙiyasta cewa hukumar lafiya ta NHS ta soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Wannan cuta ba ta jiran kowa ya danna komai, ta wata ɓaraka a Windows take ratsawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Hankalin mai kwamfuta ba ya tare irin wannan.

Amma a lura da abin da ya fi muhimmanci a labarin. Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu sun tsira. Ke nan katanga ta fi mai gadi muhimmanci, kuma wanda yake kashe sabuntawar Windows don tsimin data alhali yana biyan kuɗin antibairos, ya ɗauki mai gadi ne ya bar katanga a rushe. Na san data tana da tsada, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Sai dai idan za a zaɓi abu ɗaya da za a kashe wa data, sabuntawar tsarin aiki ce ta cancanta. Wanda har yanzu yake kan Windows 7, wanda aka daina yi wa faci tun 14 ga Janairun 2020, babu antibairos ɗin da za ta toshe masa ramukan da ke bangonsa.

Yadda ake ba mai gadi umarni

Mafi yawan ɓacin ran da mutane suke yi da antibairos daga rashin tsara bincike yake fitowa. Manhajar tana da tsaro na kowane lokaci, wanda yake duba duk fayil ɗin da aka sauko da shi ko aka buɗe a daidai lokacin. Muddin wannan yana kunne, cikakken binciken kwamfuta a kowace rana ɓata lokaci ne da batir. Binciken gaggawa, wanda yake leƙa wuraren da cututtuka suka saba laɓewa kamar ƙwaƙwalwa da manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, mintoci kaɗan yake ɗauka, kuma shi Microsoft da kansa yake ba da shawarar a riƙa yi a mafi yawan lokuta. Cikakken bincike kuwa yana iya cin sa'o'i a tsohon faifai mai juyawa, saboda haka a ajiye shi sai an ga alamar matsala ko bayan wani lokaci mai tsawo, a kuma sa shi a lokacin da ba a aiki kuma akwai wuta. Kowane filash da ya je yawo a yi masa binciken zaɓi kafin a buɗe. Idan kuma cuta ta ƙi fita, Defender tana da binciken da take yi bayan ta sake kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi, lokacin da cutar ba ta farka ba balle ta ɓuya.

Na biyu, a fahimci bambancin killacewa da gogewa. Fayil ɗin da aka killace yana nan a tsare, ana iya dawo da shi idan kamun kuskure ne. A tsara manhaja ta riƙa killacewa, kada a bar ta ta riƙa yanke hukuncin kisa ba shari'a. Idan kana shakkar wani fayil, shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, zai gwada shi da injunan riga-kafi gommai a lokaci guda. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka yi kuka, akwai yiwuwar kuskure ne, idan kuwa rabinsu ne, ka rabu da shi. Kada dai ka ɗora takardar sirri a can, domin abin da aka ɗora yana isa hannun masu binciken tsaro.

Na uku, keɓewa, wato gaya wa manhaja ta daina duba wani wuri. Ɗalibin da yake koyon rubuta manhaja yana da hujjar keɓe foldar aikinsa, domin sabon fayil ɗin da ba a taɓa gani ba yakan jawo zato. Amma keɓewa ta zama ƙunƙuntacciya. Wanda ya keɓe foldar da ake sauko da kaya daga intanet, ko faifan C gaba ɗaya, ya kori mai gadi ne yana ci gaba da biyansa albashi.

Na huɗu, manhaja ɗaya ta isa, kuma halastacciya. Na biyar, wanda ya fi dukkansu, shi ne ajiyar kwafi. Kundin digiri ya kasance a wuri uku: a kwamfuta, a filash ko faifan waje, da kuma imel ko ma'ajiyar intanet. Wanda yake da kwafi, mai neman fansa ba shi da abin da zai yi masa barazana da shi, kuskuren antibairos ma ba zai sa shi kuka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Abin da nake nema daga kamfanoni bai fi abin da ake nema daga kowane ma'aikacin amana ba. Su daina kiran tarkace haɗari, su raba talla da gargaɗi, su faɗi a fili abin da suke kwasa daga kwamfutar mutum da wanda suke sayar wa. Gargaɗin da yake ɗauke da suna irin W32/Wecorl.a ba ya gaya wa kowa komai, ko da Turanci ne harshen uwarsa. Mai amfani yana da haƙƙin a ce masa: ga fayil ɗin da muka kama, ga dalilin zarginmu, ga abin da zai faru idan ka ce a sake shi. Daga masu gyara ina neman su daina sayar wa jama'a kwanciyar hankalin ƙarya. Daga makarantunmu kuma ina neman darasin kwamfuta ya ware ko da mako guda don koyar da tsara bincike da dawo da fayil daga killace da ajiyar kwafi, a kuma yi bayanin da harshen da ɗalibi yake tunani da shi.

Sauran aikin yana wuyan mai kwamfuta. Ya buɗe saitunan manhajarsa yau, ya duba wa yake gadinsa, yaushe aka sabunta jerinsa, me aka keɓe ba da saninsa ba, da ƙarfe nawa ake bincike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata ya faɗa wa mai gadi inda zai tsaya.